Mushe Mai Ƙamshi

Shekara talatin da ƴan kai ya yi yana karantarwa a makarantun boko, daga ƙauyukan Mirya da Magarya har ya dawo cikin birnin Damagaram, kuma ko da yake ya daɗe da ajiye alli, har yau ba a kiransa da wani suna sai Mushe. Kowa ya san kalmar daga monsieur ta Faransanci ta fito, kuma karin sautinta ya sha bamban da na mushen da ake jefarwa bayan gari. Amma matar wansa, wadda al'ada ta ba ta damar yi masa ba'a, ba ta taɓa barin kamannin kalmomin biyu ya wuce a banza ba. Duk ran da ya shiga gaishe ta sai ta ce, "Ni dai ban taɓa jin mushe mai ƙamshi ba sai a danginku."

Tana da hujja. A tsohon ɗakin ƙasa na gidansa da ke unguwar Birni, kusa da randa, akwai wata adaka da ya shimfiɗa wa tsumma a ciki, ya jera kwalaben turare ashirin da uku. Da gangan ya zaɓi wurin. Abu uku ke kashe turare: zafi, haske da iska. A garin da zafin bazara kan haura digiri 40 a watan Afrilu da Mayu, kwalbar da aka bari bisa tebur cikin ɗakin kwano ba ta daɗewa sai ruwanta ya yi duhu, ƙamshinta ya juya. Gindin randa ne wuri mafi sanyi a gidan, can kuwa dukiyarsa take.

Mafi ƙanƙanta cikin kwalaben ita ce ta Binta Sudan, turaren da mahaifinsa ke ɗigawa a hula ranar Juma'a. Wani kamfanin Landan mai suna W. J. Bush ne ya fara yin sa a 1920, da sunan Bint el Sudan, wato ɗiyar Sudan, daga baya aka riƙa haɗa shi a Kano. Kunnen Bahaushe ya ji bint, ya ga ta yi kama da sunan da ya sani, sai ya mai da ita Binta. Turaren mai ne, ba shi da alkol, shi ya sa ya shiga masallaci da lefen amare ba tare da gardama ba. Da shi Mushe ya buɗe hanci, kuma ya daɗe yana zaton iyakar turare ke nan.

Wansa ne ya nuna masa akwai wata duniya. A shekarun da kuɗin yuraniyom ke yawo a ƙasa, wan yana aikin akawu a ma'adinan Arlit, yana zuwa gida sau ɗaya a shekara da akwati cike da tsaraba. Wani zuwa da ya yi, tun kafin ya ƙarasa sallama a zaure wani baƙon ƙamshi ya riga shi shiga. Macassar ne, na gidan Rochas, wanda ya fito a 1980. Farkonsa ɗaci-ɗaci kamar tazargade. In ya ɗan jima sai ya koma kamar an shiga rumfar dukawa, inda jemammiyar fata ke rataye. In yamma ta yi kuwa, abin da ke saura a wuyan riga sai ka ce ganyen taba da busasshen itace. Tun daga ranar wan bai sake canza turare ba. Yara kan gane ya iso gari in sun ji ƙamshin a tabarmar zaure.

Sa'ad da Mushe ya so ya bayyana wa abokan aikinsa abin da ya ji, sai ya tarar kalmomi sun yi masa ƙaranci. Hausa ta rarrabe munanan wari filla-filla: ga ɗoyi na abin da ya ruɓe, ga ƙarni na kifi da jini, ga ƙauri na abin da ya ƙone, ga zarni na fitsari, ga hamami. Amma a ɗaya ɓangaren kalma guda ce ke ɗauke da kayan duka, wato ƙamshi, ko na fure ne, ko na soyayyen nama, ko na ƙasa bayan ruwan farko. Aikatau ɗin ma na tarayya ne, domin da ji ake jin magana, da shi ake jin sanyi, da shi ake jin turare. Saboda haka ya samo wani littafin rubutu irin na ƴan makaranta, ya ba kowace kwalba shafi, yana kwatanta ta da abubuwan da hancinsa ya sani tun yana yaro. A nan ya gano da kansa abin da masu sana'ar suka daɗe da sani, cewa turare hawa uku ne: na sama mai saurin tashi cikin ƴan mintoci, na tsakiya mai ɗaukar sa'o'i, da na ƙasa mai kwana a tufa.

Ya kuma koyi cewa kowane turare da lokacinsa. A bazara yakan ɗauko Eau Sauvage, wanda Edmond Roudnitska ya haɗa wa gidan Dior a 1966, domin lemun tsamin da ke kansa kan sa mutum ya ji kamar ya watsa ruwa. Da damina sai Vetiver na Guerlain, wanda ran da ya fara shinshina shi ya yi dariya, don ya gane tsohon sani: saiwar ciyawar da ake tatsa, wadda akasarinta daga Haiti take zuwa, ƴar'uwar jema ce da ke fitowa a fadamun ƙasar Hausa. Kouros na Yves Saint Laurent, na 1981, sai hunturu ya kankama yake taɓa shi, domin ƙarfinsa cikin zafi kan cika aji har ɗaliban layin gaba su riƙa atishawa. Ranar Juma'a kuwa yakan koma ga na mahaifinsa, don kada ya ja wa kansa muhawara da maƙwabcin sahu a kan hukuncin alkol.

A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran ɗaya na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100. Duk abin da ake shigowa da shi ya ninka kuɗi, albashin malamin makaranta kuwa ko zuwa kan lokaci ba ya yi. Daga nan adakar ta daina ƙaruwa sai da kyauta: tsarabar alhazai, da abin da tsofaffin ɗalibai suka tuna da shi suka aiko. Shekara biyu bayan haka wansa ya dawo gida da ciwon ƙirji, bai tashi ba. Ya bar mata da ƴaƴa biyar, autansu yana ɗan shekara huɗu. Da aka zo rabon kaya, ba wanda ya kula da wata kwalbar Macassar da aka taɓa kaɗan. Mushe ya sa ta aljihu, bai faɗa wa kowa ba.

Da farko yana zaton in ta ƙare sai ya sayi wata. Ya aika Yamai, aka ce babu. Ya ba wani ɗan kasuwar Maraɗi sallahu zuwa Kano, aka dawo masa da kuɗinsa. Wata Alhamis a kasuwar Dole ya ga kwali mai sunan a teburin wani mai koli, ya biya jika bakwai hannunsa na rawa, ya je gida ya buɗe, ya tarar da ruwa mai launi da ɗan ƙamshin sabulu. An ce gani ya kori ji, amma a sha'anin turare wanda ya yarda da ido ya yi asara. Sai daga baya wani tsohon ɗalibinsa da ke karatu a Faransa ya rubuto masa cewa an daina yin Macassar.

Turare kan mutu ta hanyoyi da dama. Wani ciniki ne ke ja baya, sai a janye shi a sa sabo a gurbinsa, kamar yadda aka yi wa Envy for Men na Gucci, wanda ya fito a 1998, wanda shi ma akwai ragowarsa a adakar. Wani kayan haɗinsa ne ke wuya ko doka ta taƙaita su. Turarukan maza na shekarun 1970 da 1980 sun dogara ƙwarai da wata gansakuka mai fitowa a jikin itatuwan Turai, wadda Faransawa ke kira mousse de chêne. Da aka gano tana sa wa wasu ƙaiƙayin fata, ƙungiyar masu sana'ar ta duniya, IFRA, wadda aka kafa a 1973, ta rage yawan da za a sa, sannan a 2017 Tarayyar Turai ta haramta sinadarai biyu da ke cikinta. Wani kuma sunansa na nan a kanti amma an sake haɗin. M7 na Yves Saint Laurent, wanda a 2002 ya kai wa Turawa ƙamshin itacen ud da alhazai suka daɗe suna kawowa daga Makka, ya ɓace, ya dawo a 2011 da sabon suna da sabuwar kwalba. Mushe yana da na farkon, kyautar wani ɗalibi, kuma yana sa shi ba tare da fargaba ba.

Macassar kaɗai ya hana wa kansa. Ya naɗe ta da tsohon rawani, ya sa ta can ƙasan adaka, yana cewa ajiya maganin wata rana. Shekara fiye da ashirin bai buɗe ta ba. Ran da aka sa ranar auren autan wansa, aka ce shi ne wakilin ango, ya kwance rawanin don ya duba, sai ya ga ruwan da ya bari kusa da wuyan kwalba ya sauka ƙasa da rabi. Murfin ya saki, iska ta yi ta shiga tana fita. Ya ɗiga a bayan hannu. Ɗacin tazargaden nan ya tafi, wani tsami-tsami ya maye gurbinsa. Ya zauna bakin gado yana jira. Bayan kamar rabin sa'a tsamin ya washe, fata da taba suka taso daga ƙasa, daidai yadda ya san su. Da tsohuwar zuma ake magani, amma turare ba zuma ba ne. Rabin da ya hana wa kansa iska ce ta sha.

Ranar ɗaurin aure ya shafa shi a babbar rigarsa tun da asuba, don tsamin ya wuce kafin a taru. Aka yi siga, aka shafa fatiha, aka raba goro da dabino, ba wanda ya ce masa komai. Da hantsi ya shiga cikin gida yi wa uwar ango barka. Tana zaune bisa tabarma tsakiyar mata, idanunta sun yi yana, ba ta cika gane mutum ba sai ya yi magana. Ya yi sallama, ya durƙusa daga nesa, yana jiran ba'ar da ya saba. Ba ta yi ba. Ta ɗaga kai ta yi shiru, sannan ta ce, "Mushe, matso." Ya matsa. Ta ce, "Ashe kayan mai gidan nan na wurinka duk shekarun nan." Ya ce, "Suna wurina, Yaya." Ta share ido da gefen mayafi, ta sa a kira mata ango, wanda ya shigo da abokansa gaishe da iyaye. Ta ce masa, "Auta, zo ka ji babanka."

Yaron ya sunkuya ya shinshina hannun rigar. A fuskarsa babu alamar ya tuna wani abu. Cikin ladabi ya ce, "Yana da ƙarfi, Inna." Matan suka yi dariya, ita ma ta yi. Mushe ya fahimci cewa a duk gidan mutum biyu ne suka rage masu gane wannan ƙamshi, kuma dukansu sun haura sittin.

Bayan sati biyu angon ya zo gidansa da dare, ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya ce, "Baba, ko za a ɗan sam mini turaren nan?" Mushe ya wanke wata tsohuwar kwalbar Binta Sudan, ya shanya ta, ya tsiyaya masa har wuya, ya gargaɗe shi da ya nisanta ta da rana, kuma kada ya ajiye ta ya ƙi sawa.

Abin da ya saura yana sa shi duk Alhamis, in ya taso daga kasuwa zai biya ya gaishe da matar wansa. Ta koma yi masa ba'arta ta dā, sai dai yanzu takan sa a shimfiɗa masa tabarma kusa da tata. Bisa lissafinsa, in ya tsaya ga ɗigo biyu a sati, kwalbar za ta kai shi damina biyu.