Yadda Mangwaro Ya Fid da Ni Kunya

'Yan'uwana ɗalibai, ga abin da ya same ni sa'ad da aka tura mu gwajin koyarwa. An ba ni aji 6, darasin tsire-tsire. Na ce wa yara itace yakan sha ruwa da saiwarsa, amma kusan duka yakan fita ta waɗansu 'yan ƙofofi a bayan ganye, ya bi iska. Sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, kullum ina hawan mangwaro, ban taɓa jiƙewa ba." Aji ya fashe da dariya, ga kuma malaminmu mai duba aiki zaune a baya yana rubutu. Na rasa ta cewa, gama ni ma haddacewa na yi.

Daren nan littattafai na kwana bincike. Ashe tun a 1727 wani limamin coci a Ingila, Stephen Hales, ya bayyana dabarar. Ya shuka tsiro cikin tukunya, ya rufe bakinta da dalma don kada ƙasa ta yi asarar ruwa, yana auna nauyinta safe da yamma.

Kashegari muka ɗaure leda a reshen mangwaron makaranta. Kafin a tashi ruwa ya taru a gindinta. Amma wannan nuni ne kawai, ba awo ba, domin in iskar cikin leda ta cika da laima, ganye yakan rage fid da ruwa. Saboda haka na aro sikeli daga kwaleji. Muka sami 'ya'yan mangwaro 2 cikin gwangwani, muka tsige ganyen ɗaya, muka rufe ƙasarsu da leda. Yaron nan na sa ya riƙa awo. Mai ganye ya yi ta rage nauyi, tsigaggen kuwa da ƙyar ya motsa. Kowane giram 1 da ya ɓace, ruwa ne mililita 1.

Ya ce, "To, babban itace fa, Malam?" Wannan karon ina da amsa. Masana sukan soka allura 2 a jikinsa, su ɗumama ta sama. In ruwa yana hawa da sauri, sai ya kwashe zafin. Wani Bafaranshe, André Granier, ya fito da wannan hanya a 1985.

Shawarata gare ku ita ce, kada ku shiga aji da abin da ba ku gwada da hannunku ba. Gani ya kori ji.