Daren da Aka Kalli Makarantar Masihirta a Sarandosa

A garin Sarandosa, cikin ƙasar Maiyama ta Jihar Kebbi, akwai wani dattijo manomi wanda bai damu da kallon fim ba. Ba wai ya hana kowa ba ne, shi dai a ganinsa wanda ya wuni yana ban ruwa a fadama ba shi da sauran idon da zai ɓatar a kan hoto. Karatun allo ya yi tun yana yaro. Boko kuwa sai da gemunsa ya soma furfura sa'an nan ya shiga ajin yaƙi da jahilci, har ya iya karanta Hausa, ya kuma iya rubuta lissafin buhunan albasarsa da hannunsa.

Yana da wata ɗiya wadda ya sa wa sunan mahaifiyarsa, saboda haka ba ya kama sunanta, sai dai ya ce da ita Uwata. Yarinyar ta gama sakandare, ta sami wuri a jami'ar kimiyya da fasaha ta Aliero, wadda aka kafa cikin 2006. Takardar ta yi kwana ashirin cikin aljihun rigarsa, bai ce i ba, bai ce a'a ba. Ga shi kuma wani aboki nasa ya riga ya aiko da maganar aure domin ɗansa.

Ran nan bayan sallar lisha ya shigo gida, sai ya iske ta bisa tabarma, ƙannenta sun kewaye ta, duk sun ƙura wa waya ido. Ashe wanta ne ya je kasuwar Jega, ya biya masu tura fina-finai suka zuba masa. Leƙawar da dattijo zai yi, sai ya ga wani dogon abu sanye da baƙar riga, kansa ƙoƙon kan dabba ne, fari fat, da ƙahoni biyu, idanunsa kamar garwashi cikin rami.

Ya ja da baya ya ce, "A'uzu billahi! Uwata, mi kike nuna wa yaran nan?"

Ta ce, "Baba, zane ne kurum. Labarin wata mayya ce da ta shiga makaranta."

Ya ce, "Mayya? A gidan nan?"

To, a nan yarinya ta yi kuskure, ko da ya ke ba laifinta ba ne, kalmar ce ta fi kusa da bakinta. A ƙasar Hausa maita ba abin wasa ba ce. Maye shi ne wanda a ke cewa yana kama kurwar mutum, ya bar shi yana ramewa har ya mutu. Kowa ya girma a ƙauye ya san abin da kan faru in zazzaɓi ya kama yaro ya soma sambatu ya ambaci sunan wata tsohuwa: a jawo ta a bainar jama'a, a tilasta ta ta tsallake mai ciwo, daga ranar kuma babu mai sayen ƙosanta, babu mai neman auren jikokinta. Dokar laifuffuka ta Arewa da ta soma aiki cikin 1960 ta sa hukunci a kan wanda ya jefi wani da maita, amma takardar doka ba ta cika zuwa inda tsohuwar ta ke ba sai bayan an gama wulakanta ta. Dattijon nan ya taɓa ganin haka da idonsa yana yaro, shi ya sa kalmar ta sare masa gwiwa.

Ya kori ƙananan su tafi su kwanta. Sa'an nan ya zauna ya ce ba zai yanke wa abu hukunci bai gan shi ba, ta mayar da shi farko ta riƙa yi masa tafinta, domin masu magana da harshen Japan su ke yi, rubutun da ke gudu a ƙasa kuwa Turanci ne.

Ya kamata mai karatu ya san asalin abin. Irin wannan majigi na zane shi ne yara ke kira katun, mutanen Japan kuwa su ce anime. Sunan wannan da Turanci The Ancient Magus' Bride, watau amaryar wani tsohon masihirci. Wata mace ce 'yar Japan, Kore Yamazaki, ta fara zana labarin cikin mujalla a 2013. Aka mai da shi fim kashi 24, aka nuna daga watan Oktoba na 2017 zuwa Maris na 2018. Ci gabansa, wanda ya faɗo hannun mutanen Sarandosa, an fara nuna shi cikin Afrilu na 2023, wani kamfani mai suna Studio Kafka ya yi shi, shi ma kashi 24 ne, kowane kashi bai kai rabin sa'a ba.

Da ya ke ci gaba ne, tilas yarinya ta ba ubanta labarin baya a taƙaice. Wadda a ke labarinta sunanta Chise Hatori, 'yar shekara 15. Tana ganin aljanu tun tana ƙarama, ubanta ya gudu, uwarta ta kashe kanta, dangi suka yi ta jefa ta daga wannan gida zuwa wancan kamar kayan aro. Da duniya ta ishe ta sai ta yarda a yi gwanjonta. Mai kan ƙashin nan, Elias Ainsworth, ya saye ta fam miliyan biyar, ya kai ta gidansa a wani ƙauyen Ingila, ya ce ta zama almajirarsa, daga baya kuma amaryarsa.

Dattijo ya daga hannu ya ce a dakata. Aljanun ba su dame shi kamar gwanjon ba. Ya ce, "Sayenta ya yi? Wannan ai bauta ce." Gaskiyarsa kuwa. A Arewa sai cikin 1936 aka soke bauta gaba ɗaya a doka, kuma har yau akwai gidajen da a ke raɗa asalinsu in an zo batun aure. Mutumin da ya san wannan ba zai ji an sayi yarinya an kira ta amarya ya yi murmushi ba, kome kyan furannin da aka zana a ƙofar gidan. Wannan tabo yana jikin labarin tun daga sunansa, ci gaban kuma bai wanke shi ba, ya dai kau da kai daga gare shi.

Aka ci gaba da kallo. A wannan zango an gayyaci Chise zuwa wata makaranta ta ɓoye wadda ke ƙarƙashin ƙasa, ƙarƙashin babban ɗakin karatu na birnin London. A nan ne dattijo ya gane ba maita a ke nufi ba. Masu asiri a labarin iri iri ne. Akwai irin su Elias da Chise, waɗanda ke roƙon aljanu su yi musu aiki, sun fi kama da abin da Bahaushe ya sani na boka. Akwai mutanen makarantar, waɗanda suka ɗauki abin kamar lissafi, da littattafai da gwaje-gwaje da jarrabawa. Akwai kuma wata ƙungiyar mata masu tsafi da aka nuna a zangon farko. Duk cikinsu babu mai kama kurwa. Ya ce, "To, ki daina cewa mayya. Ki ce masihirciya, ko da ya ke shi ma ba yabo ba ne."

Ba yabo ba ne kuwa. Mutumin da ya bi ta Suratul Baƙara ya ji labarin Haruta da Maruta a Babila ba ya bukatar a faɗa masa hukuncin sihiri. Amma ya san kuma a ɗakin kakarsa ya ji labarin Gizo da Ƙoƙi da Dodo mai haɗiye gari, bai taɓa fita da safe ya gai da gizo-gizo yana jiran amsa ba. A wannan ma'auni ya ajiye fim ɗin: tatsuniya ce ta wasu mutane masu nisa, sai dai an yi mata launi da murya. Abin da ya ƙara shi ne, ba ta ƙananan yara ba ce, domin akwai jini da abubuwan firgita a ciki.

Game da aikin kansa, zanen yana da kyau ƙwarai, har in hasken fitila ya faɗa bisa jajayen gashin yarinyar sai ka ce ka taɓa. Amma tafiyar labarin tana da nawa. Kashin farko ya ƙare ba a yi wani abin kirki ba sai zagaya makaranta da gaishe-gaishe. An kuma zubo sunaye da yawa a lokaci guda, ga Lucy wadda suke ɗaki ɗaya da Chise, mai ɗaure fuska kamar an aiko mata da mutuwa, ga Philomela mai tafiya a raɓe kamar kazar da ruwa ya doka, ga Rian, ga Veronica, ga 'ya'yan manyan gidaje bakwai masu gaba da juna. Dattijo ya kasa riƙe su, sai ya raɗa musu nasa sunayen, Mai Fushi da Mai Tsoro da sauransu. Yarinyar ta ce zangon farko ya fi daɗin ido, domin can akwai dazuzzuka da duwatsu da sararin sama, nan kuwa soro ne bayan soro, rana ba ta shiga.

Wuri guda ne ya kama shi, kuma ba wurin tsafi ba ne. Chise, wadda ta yi ido huɗu da dodanni ba ta gudu ba, ga ta tsaye cikin yara sa'o'inta ta rasa yadda za ta buɗe baki. Dattijo ya yi shiru. Ya tuna ranar da ya fara shiga ajin yaƙi da jahilci, da gemunsa, malamin kuwa bai kai ƙaninsa ba. Ya tuna yadda alli ya riƙa rawa a hannunsa, shi da ke ɗaga buhun albasa shi kaɗai, da yadda ya ce a ransa gobe ba zai komo ba. Da bai komo ɗin ba, da yanzu wani ke karanta masa takardar da ke aljihunsa.

Ya tambaya, "Shi mai ƙahon, ya yarda ta tafi?"

Ta ce, "Bai so ba, Baba. Har binta ya yi makarantar, ya zama malami a can don kada ta yi nisa da shi."

Ta kuma ba shi labarin abin da ya faru a ƙarshen zangon farko. Sa'ad da wata la'ana ta kama hannun Chise na hagu tana neman kashe ta, Elias ya yi niyyar sadaukar da wata ƙaramar yarinya, ƙawarta, domin ya cece ta, bai ko shawarce ta ba. Da ta gane sai ta bar masa gidan. Watau mai son nata ne ya kusa yi mata ɓarnar da maƙiyi bai yi ba, duk don tsoron kada ya rasa ta.

A nan ne ainihin maganar ci gaban ta ke. Zangon farko labarin almajiri ne da malami guda, gida guda, kome daga baki ɗaya ya ke fitowa. Mutanen wannan yanki sun san darajar irin wannan karatu fiye da kowa. Masu ɗorin Aliero, waɗanda a ke kawo musu karyayyu daga garuruwa masu nisa, ba a aji suka koya ba, ɗa ne ke durƙusawa kusa da uba yana riƙe masa kara da tsumma shekara da shekaru. Amma wanda bai taɓa jin muryar kowa ba sai ta malaminsa, ran da malamin ya yi kuskure ba shi da abin da zai auna shi da shi. Abin da makarantar ƙarƙashin ƙasa ta ba Chise ba sabon asiri ba ne, mutane ne: wadda za ta yi faɗa da ita, wadda za ta ji tausayinta, wanda zai ce mata abin da a ke yi a gidanku ba haka a ke yi ko'ina ba. Ita ma da ta dubi Mai Tsoro ta ga alamar gidan da yarinyar ta fito ba lafiya, ta gane abin da sauran ba su gane ba, domin ta sha irinsa.

Ko dattijo ya ga kansa cikin mai kan ƙashi, bai faɗa ba, ba kuwa irin maganar da uba ke faɗa wa ɗiyarsa ba ce. Yarinyar ma ba ta ce uffan game da Aliero ba, ta dai riƙe wayar da hannu biyu kada ta yi rawa. Suna cikin kashi na uku caji ya ƙare, fuskar wayar ta yi baƙi, sai kukan gyare.

Ya tashi ya kaɗe rigarsa, ya kai ƙofar turakarsa, sa'an nan ya waiwayo.

Ya ce, "Uwata, ita makarantar taku, ɗakin kwanan mata yana cikin shinge?"

Ta ce, "Haka na ji, Baba."

Ya ce, "Ji ba gani ba ne. Jibi zan kai albasa Aliero, ki shirya mu tafi tare in gani da idona. Ki kuma ba wanki wayar ya kai caji da safe. Ina son in san abin da ke damun Mai Tsoron nan."