Kwana biyu a garka, bakin tabkin Tabalak

Waɗanda ba su samu zuwa ba sun matsa mini in rubuta yadda tafiyarmu ta Tabalak ta kasance, tunda maganar za ta dawo gaban taro, kuma kuɗin asusunmu ne za a taɓa. To ga shi.

Mun tashi daga Tawa da hantsi, cikin hutun lakwal na watan Disamba, mu 9 da yara 14. Tabalak ba nisa, wajen kilomita 50 ne bisa babbar hanyar Agadas. Duk da haka sai da mazanmu suka tambayi labarin hanya, don kowa ya san yadda arewa take a shekarun nan. Aka ce lafiya, muka yi bisimilla.

Ana cikin ratsa duwatsu da jar ƙasar Adar, kwatsam sai ido ya faɗa kan ruwa shimfiɗe gefen hanya. Autana, wanda bai taɓa ganin abin da ya wuce tabkin Babaye ba, ya kama mini zane ya ce, "Inna, wannan shi ne teku?" Mota duk aka kwashe da dariya.

Masaukinmu garkar mahaifiyar ma'ajiyarmu ce: ɗaki biyu na laka, da rumfar zana, da rijiya. Duk inda ruwan tabki ya ja baya an bi damshin an shuka dankali da rogo da wake, can sama kuma fangalin albasa da tumatir da kabeji ana ba su ruwa da inji. Yaranmu na birni, masu zaton cikin buhu albasa ke fitowa, ranar suka tuge ta da hannunsu. Suka bi awaki, suka ga tatsar nono, suka tsaya baki buɗe suna kallon masunta na jawo taru. Tsuntsaye kuwa ba a magana. Wasu daga Turai suke zuwa cin sanyi a nan, kuma tun 2005 aka sa tabkin cikin jerin wuraren ruwa na duniya da ake karewa, wanda ake kira Ramsar.

Da dare aka soya karfasa, aka dafa tarwaɗa, muka haɗa da cukun da muka saya hannun matan Abzinawa a bakin hanya. Wallahi rabon da in kwanta ban lissafa cefanen gobe ba, na manta.

Sai dai ba hutu kaɗai ya kai mu ba. Shawarar da shugaba ta kawo ita ce ƙungiya ta gyara ɗakunan nan su zama masauki, iyali su riƙa zuwa daga Tawa su kwana, su ci abincin gona, su biya. A ƙasashen Turai sana'a ce sananna, manomi na karɓar baƙi a gonarsa. Amma mu kada mu ruɗi kanmu, ba Nasara ne za su zo ba. Masu yawon buɗe ido sun daɗe da ɗauke ƙafa daga hanyar nan. In akwai mai zuwa, irinmu ne: malaman lakwal, ma'aikatan asibiti, matan ƴan ci-rani da ke son yaransu su san ƙauye.

Da muka faɗa wa tsohuwa, sai ta aje faifan da ke hannunta.

"Mi kuka ce? Ni in amshi kuɗɗin baƙo? Mi za a ce da ni cikin garin ga?"

Muka yi shiru, don gaskiya gare ta. Dukanmu an raine mu kan cewa baƙonka Annabinka. Wadda ta ɗan warware ƙullin ita ce ƙaramarmu. Ta ce, "Kaka, ai da kika ba mu hura kyauta kika ba mu, amma wadda kike kaiwa kasuwa sayarwa kike, ba wanda ya zage ki." Tsohuwa ta harare ta, ta yi murmushi, ba ta ce i ba, ba ta ce a'a ba. Ni a ganina, in har za a yi, kada kuɗi su bi ta hannunta. A biya ƙungiya tun daga Tawa, ita ta karɓi rabonta a ƙarshen wata, baƙo ya iske ta a matsayin uwar gida.

Akwai kuma abin da ba na so a ɓoye. Salgar wurin ba ta isa mutum 23 ba, da safe layi muka yi. Sange uku kawai muka tarar, kuma ko cikin sanyi bakin ruwa ba ya rasa sauro. Rijiyar ba ta da murfi. Kwana biyun nan idona na kan masu rarrafe. Sannan dole a hana yara wanka a tabki, saboda nutsewa da kuma tsargiya. Kafin a sayi ko da katifa ɗaya, waɗannan ne za su fara cin kuɗi, kuma ba su ne masu daɗin nunawa a hoto ba.

Na san wasu za su ce asusu na ƙananan bashi ne, ba na gini ba. Haka tsarin Mata Masu Dubara ya faro a Maraɗi a 1991, kuma shi ya riƙe mu har yau. In muka zuba kuɗi a laka, wadda za ta nemi jarin ƙosai ko na kiwon rago kafin Layya za ta iske akwati ba nauyi. Shi ya sa nake goyon bayan a fara da murfin rijiya da salga da sange kaɗai, a gwada iyali biyu ko uku a hutun Maris, a gani.

Ranar dawowa tsohuwa ta cika mana mota da albasa da dankali, ta ƙi karɓar ko dala. Ma'ajiya za ta kawo lissafin gyaran a taro mai zuwa. Kowace ta yi shawara da mai gidanta kafin ranar, don hannu za a ɗaga.