Batirin Sola Ya Kusa Haɗa Ni Da Amaryarmu

A shekarar 2021 Maigida ya sayar da albasar da ya noma a fadamar Wurno, ya sa mana sola: faifai huɗu a kan rufi, inbata, da batir biyu irin masu shan ruwa. Ni kuma na kwashi adashi na sayi ƙaramar firiza, ina ƙulla zoɓo da kunun aya. Shekarar farko har asuba fanka na juyawa.

Da azumin 2023, wanda ya faɗo cikin zafin Maris da Afrilu, sai abu ya sauya. Kafin a sauko daga tarawihi inbata ya fara kuka, ƙarfe goma gida ya yi duhu. Kunun aya ya kwana ya yi tsami, na zubar. Allah Ya yafe mini, zuciyata ta tafi kan amaryarmu. Na ɗauka dutsen guga take jonawa a ɓoye. Kwana uku gaisuwarmu ba ta wuce "ina kwana" ba.

Sai ƙanena mai aikin lantarki ya zo daga Goronyo. Da ya leƙa ɗakin ajiyar da batiran suke, na kwano, ba ko taga, ya riƙe baki ya ce, "Yaya, batir ma tsufa yake yi, amma wannan ku kuka tsofar da shi."

Ya ce irin wannan batir ya fi son digiri 25, duk ƙarin kamar digiri 10 kuwa yana raba kwanansa biyu, alhali mu a Afrilu zafi na haura 40. Ga shi kullum firiza na zuƙe shi ƙarƙaf, har wani farin gishiri ya daskare a kan darmar ciki. Ya zama kamar randar da laka ta cike gindinta, nan da nan ta cika, nan da nan ta ƙare. Da ya tambayi wa ke ƙara masa ruwan rijiya maimakon ruwan batir, shiru na yi.

Ya hana mu sayen sabo guda mu haɗa da tsoho, don tsohon zai ja shi ƙasa. Sai da aka cire albasa muka canja duka biyun, aka mayar da su zaure mai iska. Firiza kuma da la'asar nake kashe ta.

Ranar da na nemi gafarar amarya, dariya ta yi har da hawaye. Ta ce, "Haba Yaya, ai dutsen gugana na gawayi ne."