Kafin ka ƙara wa mota ƙarfi, ina injin ajiyarka?

Akwai wata cuta da ke kama mai tsohuwar mota a ƙasar nan, wadda ba ta cika kama mai sabuwa ba. Mai sabuwa tsoron taɓa abarsa yake yi. Mai tsohuwa kuwa, da zarar ta ba shi lafiya wata shida a jere, sai zuciya ta fara raya masa cewa ai da an ɗan taɓa nan, an ɗan taɓa can, da ta fi haka gudu. Ni ma ina cikin masu wannan cuta, kuma ba magani nake nema ba. Abin da nake nema shi ne dabarar da zan biya buƙatata ba tare da na bar iyalina a ƙasa ba.

Motata Peugeot 504 ce doguwa, wadda na gada daga mahaifina. Mai karatu ya san irinta, don babu tashar da ba ta kwana ba daga Yamai har Damagaram. A 1968 aka fito da ita a Faransa, a 1969 ta ci kambin motar shekara a Turai, sa'an nan masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta yi ta harhaɗa ta shekara da shekaru bayan Turawa sun daina yayinta. Shi ya sa har gobe ba a rasa kayanta a wurin masu tsofaffin ƙarafa. Injin tawa mai isansi ne, silinda 4, girmansa santimita 1971, ƙarfinsa bai kai doki 100 ba. Da shi ake kai tsohuwata ganin likita, da shi ake ɗauko hatsi daga ƙauye bayan kaka. In ya tsaya, gida guda ne ya tsaya.

To, me nake son yi masa? Abu uku. Na farko, a kai kulas wajen mai injin kankara a ɗan rage fuskarsa, don ɗakin da mai ke ƙonewa ya ƙara matsewa. Na biyu, a gyara karbirato ya riƙa ba da mai da iska daidai da sabon halin. Na uku, a ɗan gabatar da lokacin da buji ke ba da wuta. Duk makanikin da ya san aikinsa zai gaya maka waɗannan suna ƙara wa mota kuzari, musamman in ta yi lodi tana neman wuce tirela a kan babbar hanyar Konni zuwa Maraɗi.

Amma fa zai kuma gaya maka abin da ke bayansu. In matsi ya yi yawa, mai kuwa ba nagari ba ne, sai ya riƙa fashewa kafin lokacinsa. Ita ce ƙarar nan da ake ji kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani, kuma ƙarshenta shi ne fiston ya huje ko juwan kulas ya ƙone. Mu kuwa mun san irin man da ake sha a kwalba a bakin hanya, mun kuma san zafin Afrilu da ke wuce digiri 40 a inuwa. Ƙarfen da aka kankare ba ya komawa. Ke nan wanda zai shiga wannan sha'ani da inji ɗaya tak, ya zama mai zubar da ruwan tulunsa don ya ga hadari.

Daga nan ne maganar injin ajiya ta taso. Abin da akasarin mutane ke yi shi ne su sayi inji na biyu su jingine, su yi ta gwaji a kan wanda ke cikin mota, da nufin in ya lalace su ɗora na jingine. Da na zauna na auna, sai na ga lissafin a juye yake. Injin da ke cikin motata na san halinsa: na san yawan baƙin man da yake sha tsakanin bidanji da bidanji, na san muryarsa da sanyin asuba, na san bai taɓa tafasa ba. Wanda zan saya a kasuwa kuwa baƙo ne, ban san hannun da ya bi ba. Yaya za a lalata sananne, a dogara ga baƙo ranar da aka shiga uku? Saboda haka na tsai da shawara: baƙon shi za a buɗe, shi za a kankare, shi za a ɗora a yi gwaji. Na gadon kuwa a sauke shi lafiyarsa lau, a adana shi yadda yake. Shi ne ajiyar. Da tsohuwar zuma ake magani.

Wannan shawara ta sauƙaƙa sauran. Tun da inji biyun za su riƙa canjin wuri, dole su zama iri ɗaya, ƙafafunsu su zauna a mazauni ɗaya, bayansu ya haɗu da akwatin giya ba tare da walda ba. Abokai sun so su ja ni ga injin gazuwal mai santimita 2304, wai ya fi tsimin mai. Gaskiya ne, amma ya fi nauyi, yana son babban batir, yana son a sake hanyar mai da wayoyin wuta, kuma irin man da mota ke sha a rubuce yake a takardarta, sai an je an gyara. Injin da sai an yi mako uku ana sassaƙa mota kafin ya shiga, ba zai fisshe ka ranar da kake sauri ba.

Wajen saye ma na kafa wa kaina sharuɗɗa, ko a nan gida ne ko a Ƙofar Ruwa ta Kano. Ba zan biya ba sai an ɗaura ma'aunin matsi a ramin kowane buji, na ga silinda huɗun sun yi kusa da juna. Sai an kwance tukunyar baƙin mai na duba: in na ga ya yi fari kamar an dama shi da nono, ruwa ya shiga, in na ga ɓurɓushin ƙarfe yana ƙyalli, ciki ya ci. Sai kuma an rubuta mini rasit da lambar injin a kai, don kada wata rana a tsai da ni a shinge in rasa ta cewa. Araha ba ta ado. 'Yan kasuwarmu sun fi ni sanin yadda kayan waje suka ninka kuɗi da aka karya darajar sefa a Janairun 1994, da yadda suka sake hawa bayan rufe iyakar Benin a 2023. Abin da ka saya yau da natsuwa ya fi wanda za ka saya gobe mota tana kwance, mai kaya ya ga idonka ya yi ja.

Saura aikin kansa, wanda nake so a yi a gida. Ba don na raina garaji ba. A'a, don motar da aka kwance a garaji takan zama rumbun kayan gyaran motocin wasu, yau a ari kusa, gobe a ari bututu. Babban makanike zai zo da yaransa biyu, a biya shi ladan aikinsa cikakke, ni kuwa nawa shi ne tanadi. Inji ya fi buhun siminti biyu nauyi, don haka ba reshen bedi za a rataya shi ba, ƙafa uku ta ƙarfe za a kafa da sarƙar ɗagawa. Za a cire batir tun farko, a tsiyaye ruwa da mai cikin mazubi nesa da rijiya, a ɗaura wa kowace waya alama kafin a zare ta, a zuba kusoshin kowane sashe a gwangwaninsu daban. Yara kuwa gidan kakarsu za su wuni. Akwai kuma wani sirri na wannan inji da ya kamata duk mai 504 ya sani: silindarsa riguna ne na ƙarfe da ake zarewa, ruwa na zagaya su. In an ɗaga kulas aka juya inji ba tare da an danne rigunan ba, sai su motsa, abin da ke toshe gindinsu ya saki, ruwa ya gangara cikin mai. Juyi ɗaya na yaron gareji ya isa ya jawo aikin kwana uku.

Shi ma na gadon ba yasar da shi za a yi a lungu ba. Za a ɗora shi a kan katako ƙarƙashin rumfa, a ɗiga baƙin mai ta ramin buji, a toshe kowace kafa saboda ƙurar hunturu da gidan zanzaro, a lulluɓe shi saboda damina, kuma duk wata in juya shi da hannu don kada ya cije. Ajiyar da ba a duba ta, ranar buƙata takan ba da kunya.

Na san akwai mai cewa duk wannan wahala ce a kan motar da ta girme ni. Ban musa ba. Amma ɗan kasuwar da ke ware jari kafin ya gwada sabuwar haja, da ma'aikacin da ke ajiye kwafin takarda kafin ya miƙa ta ofis, sun san abin da nake faɗi. Gwaji halal ne, sai dai ba da abincin yara ba. In sabon ya yi kyau, za ku ji muryarsa a hanyar Maraɗi. In ya ƙi, asarar ta tsaya a aljihuna, cikin kwana biyu na gadon ya koma mazauninsa, tsohuwa ta je ganin likitanta a kan lokaci. Allah ya kai mu lafiya, ya dawo da mu lafiya.