Yadda Dracula ya kusa hana ni aure

Masu iya magana sun ce baki shi ke yanka wuya. Ni nawa bakin bai yanka wuyana ba, amma saura ƙiris ya tsinka igiyar auren da ko ɗaura ta ba a kai ga yi ba.

Ana saura wata biyu bikina, ƙawayen amarya suka aiko mani da takardar shagulgulan da suka tsara: kamu, ranar Fulani, ranar ƙauyawa, Arebiyan Nait, dina, sai walima can ƙarshe kamar daga baya aka tuna da ita. Kowanne da ankonsa, da kuɗin hol, da mai kiɗa, da mai bidiyo. Na dubi takarda, na dubi aljihu. Mai karatu dai ya san abin da sharhin fim ke kawo wa mai yin sa. Cikin takaici na ce wa ƙanwar amarya da ta kawo saƙon, "Ai kun manta ɗaya. Ina daren Dracula?"

Ta ce, "Yaya, kai wasa kake, amma wallahi Turawa na yi." Ta ciro waya ta nuna mani. Ga amarya cikin baƙar riga da baƙin mayafi, riƙe da furanni ja wur kamar jini. Ga ango da doguwar alkyabba baƙa. An kashe lantarki, sai kyandir, kek kuma siffar akwatin gawa.

Na san Dracula, mashayin jinin nan da ba ya mutuwa, tun ina yaro muna kallon Christopher Lee a fim ɗin 1958 muna ɓuya bayan juna. Har Indiyawa sun yi nasu, Bandh Darwaza, a 1990. Amma ban taɓa zaton wani zai gayyato shi bikinsa ba. Sai na shiga bincike.

Asalin labarin littafi ne da Bram Stoker, ɗan ƙasar Ailan, ya fitar a 1897. A ciki, jirgin ruwan da ya ɗauko Dracula ya tsaya ne a Whitby, wani ƙaramin gari a gaɓar teku a arewa maso gabashin Ingila, mai kangon tsohuwar majami'a a kan tudu. Tun 1994 masu sha'awar baƙaƙen kaya da irin waɗannan labarai ke yin taro a garin, kuma a 2022 mutum 1,369 suka hallara a kangon cikin shigar mashaya jini. Daga cikin irin waɗannan mutane ake samun masu wannan biki. Da yawansu fim ɗin Francis Ford Coppola na 1992 ne madubinsu, wanda ya mai da labarin na soyayya: mutum ya shafe shekara ɗari huɗu yana begen matarsa da ta mutu. Mai tsara suturar fim ɗin, Eiko Ishioka, har kyautar Oscar ta ci. Ashe abin da ma'auratan ke nufi shi ne ko mutuwa ba za ta raba su ba. Ban yarda da hanyar ba, amma na gane saƙon.

A nan ne na tafka wauta. Na zauna na tsara "daren Dracula" a takarda: anko baƙi, kyandir ɗari, zoɓo a madadin lemo, tafarnuwa a ƙofar hol. Na aika wa ƙawayen don in nuna masu cewa in dai kwaikwayon fim ne, ba shi da iyaka. Ban san ta ina ba, takarda ta faɗa hannun gwaggon amarya. Kwana uku mutuniyar ba ta ɗaga wayata ba. Saƙon da ya iso gidanmu shi ne a bincika, anya yaron nan ba maye ba ne?

Haka na ja abokina muka tafi ban haƙuri. Muka durƙusa, gumi na keto mani. Na ce, "Gwaggo, a gafarce ni, wasa ne ya yi yawa." Ta ce, "Ɗan nan, baƙin kaya ranar farin ciki? Me ake nufi da shi?" Na yi mata bayani iya iyawata. Na ce ko farar rigar da amare ke sawa a dina ta yaɗu ne bayan Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta sa ta a aurenta a 1840, kuma ita ɗin ce ta koma baƙaƙen kaya shekara 40 bayan rasuwar mijinta a 1861. A wajen Hindu kuwa ja ne na amarya, fari na matar da mijinta ya mutu.

Ta yi shiru. Can sai ta juya ga 'yan matan da ke laɓe a bakin ƙofa ta ce, "To shi ya faɗi ma'anar haukansa. Ku kuma wannan Arebiyan ɗin naku, mene ne ma'anarsa? Kamu na san shi, lalle na san shi." Babu wadda ta tanka.

Tambayar ta fi dukana fiye da su. Shekara nawa ina rubutu ina caccakar 'yan fim ɗinmu kan kwaikwayon Indiya, amma ban taɓa yin tambaya mai kaifin wannan ba. Aro ba laifi ba ne, kowa na yi. Matsalar ita ce mu riga muke arowa, mu bar ma'anarta a can, sannan ango ya ci bashi ya biya.

An soke ranar Fulani da ta ƙauyawa. Arebiyan Nait kuwa ta tsira, don amarya ta ce in ba ita ba fa sai dai in auri Dracula. Na biya ban ce uffan ba. Har yau in na shiga gidan, Gwaggo kan ce a ɓoye tafarnuwa, ga surukinta nan ya zo.