Daren da na kasa samun Inna

Ranar Juma'a 30 ga Agusta 2024, da aka yi ruwan nan na Maraɗi, ina Damagaram wajen kawuna ina hutu. Da magariba hotuna suka fara shigowa ta WhatsApp: gidajen ƙasa sun zube, ruwa ya cika tituna. Na kira Inna, shiru. Na kira yayana, a kashe. Haka na kwana ina danna lamba ɗaya. Sai washegari da hantsi na ji muryarta: kuran ya ɗauke, cajin kowa ya ƙare, ɗakin girki ya faɗi, amma kowa lafiya lau. Wallahi ban runtsa ba daren nan.

Da aka koma karatu na ba malaminmu na fizik labarin. Ya ce, "Salula ai ƴar gata ce. Sai da kuran, sai da dogon ƙarfen rezo. Ɗaya ya faɗi, ta zama abin wasan yara." Daga bakinsa na fara jin labarin masu rediyon sa-kai: mutanen da ke karɓar lasisi daga hukuma, su kafa ƴar na'urar aikawa da karɓar magana a gida, don sha'awa kawai, ba don kuɗi ba. Batirin mota da wayar ƙarfe da aka ɗaura tsakanin itatuwa biyu sun ishe su. Muryarsu na bin gajeren zango, ta bugi saman sararin samaniya ta dawo ƙasa a wuri mai nisan ɗaruruwan kilomita. Kowace ƙasa na da alamar kiranta. Tamu ta Nijar tana farawa da 5U.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne labarin wata mata ƴar Indiya, Bharathi Prasad. A Disamba 2004 ta je tsibiran Andaman da abokan aikinta don su riƙa gaisawa da masu rediyo na duniya. Ranar 26 ga wata aka yi girgizar ƙasa, igiyar teku ta biyo baya, layukan tarho suka lalace. Nan take suka bar gaishe-gaishe, suka koma isar da saƙon waɗanda suka tsira zuwa ga danginsu: wane yana raye, wance tana asibiti. Irin saƙon da na kwana ina jira ke nan.

Kuma ba ranar masifar suka koyi aikin ba. Sun daɗe suna yin sa cikin kwanciyar hankali, shi ya sa hannunsu bai yi rawa ba.

Ƴan'uwa ɗalibai, muna da kulob na ƙwallo da na wasan kwaikwayo. Me zai hana mu kafa na rediyo? Malam ya yarda ya koya mana, sauran mu nemi izinin hukuma yadda doka ta tanada. Na buɗe takardar sunaye, mu huɗu ne zuwa yanzu. Damina kuwa ba ta jiran kowa.